Akuyar da aka so ta ba da zare

Duk mai shara ya san saƙar gizo-gizo. Tana kusurwar ɗaki, tana bakin rumbu, tsintsiya ɗaya ta ishe ta. Amma da masana suka auna zaren nan, sai suka tarar da abin mamaki. In aka ɗauki zaren gizo-gizo da wayar ƙarfe masu nauyi ɗaya, zaren ya fi wuyar tsinkewa. Yana kuma miƙewa kamar roba kafin ya katse. Shi ya sa masu masaƙu ke kwaɗayinsa, don tufafi da igiya da zaren ɗinkin likita.

Wuyar abin ita ce kiwo. Gizo-gizo ba ya zama garke. In an tara su wuri ɗaya, sai su cinye juna. A tsibirin Madagaskar an gwada kamo su ɗaya-ɗaya, a zare zaren, a sake su. Sai da aka bi ta kan gizo-gizo fiye da miliyan 1, cikin shekara wajen 4, kana aka samu mayafi guda. An nuna shi a Amurka a 2009.

To, a nan ne akuya ta shigo maganar.

Makiyayin Gidan Rumji ya san jar akuya ja take haihuwa. Abin da ke sa haka, masana na ce masa ƙwayar gado. Tana cikin jikin kowace halitta, ido ba ya ganinta. Wani kamfani na ƙasar Kanada, mai suna Nexia, ya ɗauko ƙwayar gadon da ke sa gizo-gizo yin zare, ya dasa ta a jikin akuya tun ba a haife ta ba. A shekara ta 2000 ya nuna bunsuru biyu na farko. Ƴaƴansu mata, in an tatse su, akwai sinadarin zaren cikin nonon. Ba wai zare ke fitowa daga hantsa ba, a'a. Nono ne fari kamar kowane. Sai an fid da mai, an tace, an sake tacewa, sannan inji ya ja abin da ya rage ya zama zare.

Hikima kam an yi ta, riba ce ba a gani ba. Abin da ake samu kaɗan ne, kuma bai kai na gizo-gizo ƙarfi ba. A 2009 kamfanin ya karye. Wasu awakin sun koma hannun malaman jami'a a Amurka don bincike.

Wasu ba su daddara ba. Kamfanin Spiber na Japan ya koma ga ƙananan ƙwayoyin halitta irin masu sa kunu tsami. Ana ba su sukari cikin manyan tankuna, su yi sinadarin. A 2019 ya sayar da riguna 50 kacal na sanyi. A 2023 kuma masanan ƙasar Sin sun sa tsutsar siliki ta saƙa zaren gizo-gizo da kanta.

Zaren ƙwaro ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Akwai tsamiya, zaren da ake samu daga gidan wata tsutsa mai cin ganyen tsamiya. Ana dafa gidan da ruwan toka, mata su kaɗa, masu ɗinki su yi aikin wuyan babbar riga da shi.

Yadin gizo-gizo dai na masu hali ne a manyan birane, bai iso kasuwar Agiye ko ta Gazawa ba. Wanda duk ya zo ƙauye da ƙyalle mai sheƙi yana kiransa haka, a riƙe kuɗi tukuna. Ita kuwa jar akuyar Maradi, wadda gwamnati ta buɗe wa gidan kiwo tun shekarun 1960, ba a taɓa gadonta ba. Tana yawan haihuwar tagwaye, nononta na yara ne, fatarta kuma har Turai ake nemanta.