Tun Ran Gini Ran Zane: Iskar Radon da Gidajenmu a Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya kwana biyu bai leƙa Wusasa ba zai yi mamakin yadda gine-gine suka bazu a gindin duwatsu, har zuwa wajen Kufena. Mai gini yana tambayar kuɗin siminti da rodi da kwano, yana tambayar inda ruwa yake bi da damina. Amma akwai tambaya guda da ba kasafai ake yin ta ba: me ke fitowa daga ƙasar da za a kafa gidan a kanta? A kan wannan nake son jan hankalin mai karatu, domin ƙasar Zazzau tana kwance ne a kan tsoffin duwatsu, cikinsu har da giranit, irin wanda ake fasawa a sami tsakuwar gini. Irin wannan dutse ya fi yawancin duwatsu ɗauke da burbushin yuraniyom.

Yuraniyom yana rikiɗewa a hankali ya zama radiyom, shi kuma radiyom ya haifar da wata iska da ake kira radon. Ba ta da launi, ba ta da ƙamshi ko wari, ba ta sa tari ko ƙaiƙayin ido. A fili ba ta da wata illa ta a zo a gani, domin tana bajewa nan da nan. Matsalar tana farawa ne idan ta sami rufaffen ɗaki. Tana shigowa ta tsagar daɓe, ta mahaɗar bango da ƙasa, da kuma gefen bututun ruwa, sai ta taru. Yayin da take rikiɗewa tana barin wasu ƙananan ɓarɓashi da ke maƙalewa a jikin ƙura. Mutum ya shaƙe su, su zauna a huhu suna yi wa ƙwayoyin halitta lahani. Bayan shekaru, wannan kan iya zama sankarar huhu.

Masu haƙar ma'adinai na Schneeberg a Jamus sun shafe ƙarnoni suna mutuwa da wata cutar ƙirji, sai a 1879 likitoci suka tabbatar sankarar huhu ce. A 1984, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, na'urar tsaro ta riƙa ƙara duk lokacin da wani injiniya ya zo shiga tashar nukiliya ta Limerick, alhali tashar ba ta fara aiki ba. Da aka bincika, sai aka gano daga gidansa yake ɗauko abin. Wannan ne ya farkar da Amurkawa suka shiga auna gidajensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ce sanadin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma ita ke bin sigari a jerin musabbabai. Mai shan sigari kuwa haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. A 2009 hukumar ta ba ƙasashe shawarar kada radon ta wuce bekarel 100 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki, inda hakan ya gagara kuma kada ta haura 300.

Gidan Bahaushe na gargajiya, irin wanda har yanzu ake gani a cikin birnin Zariya, yana da wata kariya da ba don radon aka tsara ta ba. Rayuwa a tsakar gida ake yin ta. Can ake girki da hira da sallamar baƙi a zaure, da bazara ma a waje ake kwana. Ƙofar ɗaki tana wuni a buɗe da labule ko asabari. Gidan zamani ya juya wannan tsari. Komai ya koma ƙarƙashin rufi ɗaya, tagogi na gilashi masu rufuwa ruf, an sa na'urar sanyaya ɗaki, an shigo da banɗaki cikin ɗakin kwana da ruwan rijiyar burtsatse, wanda shi ma yakan ɗauko radon daga cikin dutse ya sake ta lokacin wanka. Da hunturu kuma, tsohon gida da sabo duk ɗaya ne: ana toshe kowace kafa saboda sanyi da ƙura. Iskar ɗaki mai ɗumi tana tashi sama, sai ɗakin ya riƙa zuƙo iska daga ƙasa domin cike gurbi.

Ba ina cewa kowane gida da ke kusa da dutse yana cikin haɗari ba. Gidaje biyu na iya haɗa katanga, ɗaya ya cika da radon, ɗaya kuma babu abin damuwa. Awo ne kaɗai ke raba gardama. Ana ajiye wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ba ta buƙatar lantarki, a ɗakin kwana ko falon da ke ƙasa, a bar ta aƙalla wata uku, sannan a kai ta ɗakin gwaji. Tsawon lokacin yana da muhimmanci, domin yawan iskar yana hawa da sauka tsakanin dare da rana, da tsakanin damina da rani. Wanda ya zo yana tallar maganin radon kafin a auna, kasuwarsa yake ci.

Idan awo ya nuna ta yi yawa, gyaran ba ya buƙatar rushe gida. Da farko a toshe tsagogin daɓe da gefen bututai, a kuma ƙara hanyoyin shigar iska. Sai dai wannan kaɗai ba ya isa idan abin ya yi tsanani. Hanyar da ta fi inganci ita ce a tare iskar tun tana ƙarƙashin daɓe. Ana huda daɓen a wuri guda, a kwashe ƙasa kamar cikin bokiti, a kafa bututun roba mai faɗin inci huɗu, a liƙe gefensa sosai, a miƙar da shi har ya zarce rufin gida, nesa da tagogi. A jikin bututun, daga waje, ana sa ƙaramar fanka mai aiki dare da rana, tana janye iskar ƙasa tana watsawa sama. Duk wanda ya san bututun da ake kafa wa masai domin wari ya fita ya riga ya fahimci dabarar. Bayan an gama, dole a sake awo, domin a tabbatar aikin ya ci.

A nan ne halin ƙasarmu ya shigo. Fankar da ta dogara da wutar da ake kawowa ana ɗaukewa ba za ta cika aikinta ba. Abin farin ciki, ba ta cin wuta da yawa, ƙaramin faifan sola da batir na iya riƙe ta. Amma abin da ya fi wannan sauƙi shi ne a yi tanadi tun a harsashi. Kafin a zuba daɓe, a shimfiɗa tsakuwa, a rufe ta da leda mai kauri a liƙe mahaɗanta, a binne bututun a cikin tsakuwar a fitar da shi ta saman rufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan tsari, ko babu fanka, yana iya rage radon da fiye da rabi. Idan daga baya an ga buƙata, sai a ƙara fankar kawai. Kuɗin leda da bututu bai taka kara ya karya ba a cikin kuɗin gina gida, amma fasa tayil bayan an tare aiki ne mai ciwo. Tun ran gini ran zane.

Zariya ba ta rasa masu wannan ilimi ba. Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ita ke riƙe da tukunyar nukiliyar bincike ta farko a Nijeriya tun 2004, kuma akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2001. Ina kira gare su da su shirya awo unguwa-unguwa, su fara da ɗakunan kwanan ɗalibai da asibitoci, su kuma bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, tana iya sa shimfiɗar leda da bututu cikin sharuɗɗan izinin gini a yankunan da awo ya nuna buƙata. Ƙungiyoyin magina su koya wa yaransu, domin birkila ne zai yi aikin da hannunsa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun maigida da uwargida. A buɗe tagogi kowace safiya ko da hunturu, a liƙe tsagar daɓe, a hana shan sigari a cikin gida. Wanda kuma yake shirin aza harsashi, ya zauna da magininsa su yi wannan magana kafin motar siminti ta iso.