Gidajen silima uku da suka ƙi mutuwa a Afirka

Duk wanda ya yi wayo a Yawunde ko Duwala kafin 2009 ba sai na gaya masa Abbia ko Wouri ba. A watan Janairun wannan shekara aka rufe su, tare da Empire na Bafusam, Kamaru ta wayi gari ba ta da gidan silima ko ɗaya. Sai a 2016 Canal Olympia ya buɗe a Yawunde, amma shi na babban kamfani ne, tsarinsa ɗaya da 'yan uwansa na wasu ƙasashe. Ni waɗanda ke burge ni su ne masu halin kansu. Ga uku da nake ganin sun isa a yi musu takanas.

Na fi son Cinéma Rif na birnin Tanja a Maroko. An gina shi a 1938, yana fuskantar dandalin Grand Socco, daidai bakin tsohon gari. Ya kusa bin sahun Abbia, sai mai ɗaukar hoto Yto Barrada da abokan aikinta suka karɓe shi, suka kafa Cinémathèque de Tanger a ciki a 2006. Ba su rushe ba, gyara suka yi, sunan Rif na nan ɓaro-ɓaro a goshin ginin.

Ɗakunan kallo biyu ne, babba da ƙarami, ga kuma ma'ajiyar tsofaffin fina-finai. Amma sirrin wurin, a ganina, yana wajen shan shayinsa. Ɗalibai, dattawa da baƙi kan cika kujerun ƙofar suna kurɓar shayin na'ana'a, wasu ma ba kallo ya kawo su ba. To, wanda ya saba zama a ƙofa, wata rana ai zai leƙa ciki. Da haka silima ya koma dandalin hirar unguwa, ya kuma samu masu kallon da fim ɗin kaɗai ba zai jawo ba.

Na biyu Zawya ne a tsakiyar Alkahira. Ya fara a 2014 da ɗaki guda a cikin silimar Odeon, a ƙarƙashin kamfanin Misr International Films na marigayi Youssef Chahine. A 2018 ya koma silimar Karim da ke titin Emad El-Din. Masar ba ta rasa gidajen kallo ba, abin da ta rasa shi ne inda ƙaramin mai shirya fim zai haska aikinsa. Zawya wannan giɓi ya cike: fina-finan matasan Larabawa, na gaskiya, da waɗanda 'yan kasuwa ke cewa ba za su kawo kuɗi ba.

Na uku, Cinema Impero na Asmara, ginin ne abin kallo tun kafin a kashe fitila. Italiyawa suka gina shi a 1937 a kan titin da yanzu ake kira Harnet, fuskarsa jere da fitilu zagayayyu kamar gaban tsohuwar rediyo. Yana cikin gine-ginen da suka sa UNESCO ta saka Asmara a jerin wuraren tarihi na duniya a 2017.

Me ya shafe mu? Kowa ya san yadda fina-finan Kano ke da farin jini a unguwanninmu, daga Briketeri har Garwa, amma kowa a wayarsa yake kallo shi kaɗai. Rif da Zawya ba gwamnati ta ɗaga su ba, mutane ƙalilan ne suka ce ba za su zuba ido ba. Zawya ma da ɗaki ɗaya ya fara. Ɗaki ɗaya, majigi da mai shayi a ƙofa, anya sun fi ƙarfin unguwa guda?