Farar ɗango da na'ura mai ƙwaƙwalwa

Hirarmu ta yau a kan farar ɗango take, da kuma na'urar da ake kira kwamfuta. Ku saurara da kyau, don akwai aikin da ya rataya a wuyanku.

Yadda fara take zama runduna

Farar ɗango tana zaune a hamada. A ƙasarmu ana samun ta a Tamesna da Ayar, arewa da Tawa da wajen Agadas. In tana ita kaɗai, ba ta da ɓarna. Launinta kore ne ko ruwan ƙasa, kuma gudun ƴan'uwanta take yi.

In ruwa ya sauka a hamada, ciyawa ta fito, sai macen ta tona rairayi mai laima ta zuba ƙwai. Zubi ɗaya yakan kai ƙwai 80. Bayan kamar mako 2, ƴaƴa su fito. Ba su da fiffike, tsalle kawai suke yi. Sai sun yi wata guda da ƴan kwanaki kafin su iya tashi.

To, in ciyawa ta fara bushewa, dukansu sai su taru inda ɗanye ya rage. Nan ƙafafunsu na baya suke gogar juna. Wannan gugar ita ke canja halinsu. A shekarar 2001, masana a jami'ar Oxford ta Ingila sun gwada abin. Suka riƙa shafa ƙafar baya ta fara da ɗan buroshi. Cikin awoyi kaɗan, farar da ke gudun ƴan'uwanta ta koma neman su.

Daga nan launi ma sai ya sake. Ƴaƴan su zama baƙi da rawaya. Sabbin masu fiffike su yi ja-ja. Waɗanda suka isa yin ƙwai su zama rawaya.

Fara ɗaya tana cin abin da ya kai nauyinta kowace rana, wato kamar giram 2. Kaɗan ne. Amma rundunar da ta rufe fili mai kilomita 1 tsawo, kilomita 1 faɗi, takan ƙunshi fari miliyan 40 ko fi. A yini guda suna cinye abincin mutum 35.000. Iska na iya kai su kilomita 150 a rana.

Manya daga cikinku sun tuna 1988. Kun tuna 2004, da fari suka haɗu da ƙarancin ruwa, aka shiga wahalar cimaka a 2005 a jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Tilaberi. A 2020 kuma, fari sun auka wa Kenya da Habasha da Somaliya. Asalin wannan, ruwa ne mai yawa da guguwa ta zubar a hamadar Larabawa a 2018, inda babu mai gani balle ya ba da labari.

Ina na'ura ta shigo?

Maganin fara shi ne a riske ta tun tana tsalle. Amma hamada tana da faɗi. Ina za a dosa?

Nan kwamfuta take taimako. Tauraron ɗan Adam yana ɗauko hoton ƙasa daga sama. Hoton yana nuna inda aka yi ruwa da inda ciyawa ta tsiro. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana duba irin waɗannan hotuna. A birnin Rum na Italiya kuma, hukumar abinci ta duniya, FAO, tana tara labarin fari daga ƙasashe da yawa.

Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Akwai ma'aikata da aikinsu shi ne rubuta mata umurni, layi bayan layi. Kamar ka aiki yaro kasuwa ne, ka ce: «In ka samu hatsi, sayo tiya 2. In babu, sayo dawa.» Haka su ma suke rubutawa: «In ruwa ya sauka a wuri kaza, in akwai ciyawa, in an ga fara, to lissafa ranar da ƙwai zai ƙyanƙyashe.» Na'ura ta yi lissafin nan da nan. Sai ma'aikatan yaƙi da fara su san inda za su tura mota da magani.

Amma ku lura. Tauraro yana ganin ciyawa, ba ya ganin fara. Sai mutum ya gani da idonsa, ya faɗa. In labarin ya zo a karkace, lissafi ma a karkace zai fito.

Aikinku

Yanzu kun iya rubutu. In kun ga fara ta taru a gona ko a makiyaya, ku ɗauko takarda ku rubuta abu 4:

1. Ranar da kuka gan ta.
2. Sunan wurin, da gari ko rijiya mafi kusa.
3. Launinta, kuma tsalle take ko tashi.
4. Inda ta dosa: gabas, yamma, kudu ko arewa.

Ku kai takardar wurin maigari ko malamin gona a ranar, ko ku buga masa salula. In da hali, ku kamo ɗaya ku kai masa, don ba kowace fara ce farar ɗango ba. Kada ku ci farar da aka fesa wa magani, kada ku sayar da ita, kada ku kai dabbobi wurin.

Ga tambayar da za ku tattauna da malaminku: a garinku, wa ya fi saurin ganin fara, manomi ko makiyayi? Wa zai rubuta masa?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.