Idan injin jirgi mai saukar ungulu ya mutu a sama

Tun da ta'asar 'yan bindiga ta addabi iyakar Maradi da Katsina, jirgi mai saukar ungulu ya shiga cikin kayan yaƙin da ake dogaro da su. Ke nan ya kamata mutanen Madarunfa, Gabi da Ɗan Isa mu san abin da kan faru idan injinsa ya tsaya a sama.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka faɗowa zai yi kamar dutse. Ba haka abin yake ba. Da zarar injin ya mutu, akwai na'urar da ke raba shi da babbar farfela. Nan take matuƙi zai kwantar da fikafikanta, iskar da ke bugowa daga ƙasa ta ci gaba da juya ta yayin da jirgin ke gangarowa. Daf da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin, ya yi amfani da sauran ƙarfin farfelar ya dira. Dama ɗaya ce tak, ba a sake ta.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Yashi kan cinye cikin inji a hankali, zafin bazara kan rage masa ƙarfi, ƙura kuma kan rufe idon matuƙi. Ƙura ce ta turnuƙe jirgin Yemi Osinbajo, mataimakin shugaban Najeriya na lokacin, a Kabba ranar 2 ga Fabrairu, 2019. Jirgin ya kife, amma kowa ya tsira. Haka kuma ranar 12 ga Yuni, 2019, jirgin sojan saman Najeriya ya yi haɗari wajen sauka a filin jirgin Katsina, bayan ya dawo daga farautar 'yan bindiga. Nan ma ba a rasa rai ba.

To mene ne namu a ciki? Matuƙin da ke cikin wannan hali fili kawai yake nema: gonar da aka girbe, filin ƙwallo ko bakin tafki. Idan muka ga jirgi na gangarowa, mu kauce, mu janye yara da dabbobi. Kada mu kusance shi ta baya, domin ƙaramar farfelar wutsiya ba ta ganuwa idan tana juyawa. Akwai mai a cikinsa, wataƙila har da harsasai, don haka ban da taba ko ashana. A kira jandarma da jami'an lafiya, sa'an nan a jira farfela ta tsaya cak kafin a kai ɗauki.