Wanda aka taɓa ɗaurewa ya tuba, zai ɓoye laifinsa wajen neman aiki a lambun shaƙatawa?

Tambaya: Ina zaune a Ingila. An taɓa ɗaure ni wata takwas kan sata, shekara biyar ke nan da fitowata, kuma na tuba. Ina neman aikin kula da lambun shaƙatawa na ƙaramar hukuma, ina kuma son koyar da yara ƙwallo a wurin a matsayin sa kai. Dole ne in faɗi abin da ya wuce?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah.

Allah ya karɓi tubarka. Ka sani Musulunci yana son bawa ya rufa wa kansa asiri, ba a neman ka ba da labarin zunubinka ga wanda bai tambaye ka ba. Amma rufin asiri bai halatta ƙarya ba, musamman a kan abin da ya shafi amanar jama'a.

Ayyukan nan biyu hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Aikin lambu, kamar yankan ciyawa da shara da ban ruwa, yana ƙarƙashin dokar 1974 ta gyaran masu laifi. A Ingila da Wales, ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba yana zama shafaffe shekara ɗaya bayan ƙarewar wa'adin hukuncin, in ba a sake yin wani laifi ba. Daga nan doka ta ba ka damar amsa "a'a" idan aka tambaye ka, ƙaramin binciken hukumar DBS ma ba zai nuna shi ba. Wannan ba ƙarya ba ce a shari'a, domin mai tambayar da kansa ya san laifin da bai shafe ba yake nufi, magana kuwa ana ɗaukarta ne a kan manufar da aka sani.

Koyar da yara dabam ne. Irin wannan aiki an cire shi daga waccan rangwame, ana yi masa zurfafan bincike wanda ke fito da hukuncin ɗauri ko da ya shafe, kuma kasancewarsa sa kai bai canja komai ba. A nan wajibi ne ka faɗi gaskiya, gara ma su ji daga bakinka kafin takarda ta iso. Sata ba ta hana aiki da yara kai tsaye. Masu ɗauka ne za su auna. Wanda kuwa sunansa ke jerin waɗanda aka haramta wa aiki da yara, neman aikin ma laifi ne a doka, kuma bai halatta ya yi dabara ba.

Idan suka ƙi ka, kada ka ɗauka tubarka aka raina. Sayyidina Abubakar bai sa waɗanda suka yi ridda suka dawo cikin rundunonin yaƙi ba, sai a zamanin Umar aka ba su dama, har Ɗulaiha al-Asadi ya yi fice a Ƙadisiyya. Ka fara da aikin lambun, ka samu masu shaidarka, sannan ka sake nema.

Allah ne mafi sani.