Bayan an gama gashin ciwon daji: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mutumin Kara ko wani ƙauye na Gwarzo da Kabo da likita ya ce ciwon dajinsa sai an yi gashi, tafiya ce ta same shi. Yawanci sai ya bi ta Kano, daga can a tura shi inda na'ura take aiki, kamar asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Akan yi gashin sau biyar a mako, wani lokaci har mako 7. Ran da aka sallamo shi 'yan uwa sai murna, an gama. Alhali jinyar gida a ranar take farawa.

Me ya sa jiki ke ƙara tsanani bayan sallama?

Hasken da na'urar ke harbawa yana lalata ƙwayoyin dajin ne ta yadda za su kasa hayayyafa, kuma mutuwarsu a hankali take zuwa. Lafiyayyen naman da ke kusa shi ma yana taɓuwa. Shi ya sa raɗaɗin fata da kasala sukan kai ƙarshen tsananinsu mako 1 zuwa 2 bayan gashin ƙarshe, daidai lokacin da majinyaci ya dawo gida. A nan ne masu dubiya ke fara cewa asibiti sun ƙona shi, a nemi na gargajiya. Alhali aikin gashin ne bai gama ba. Fata kan fara warkewa cikin makonni kaɗan, gajiya kuwa tana iya ɗaukar watanni.

Zai iya shafar iyalinsa?

A'a. Wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya dawowa da hasken a jikinsa. A ci abinci da shi a kwano ɗaya, jikoki su hau cinyarsa. Idan irin wanda ake sa wa wani abu a cikin jiki ne, likita zai faɗi abin da za a kiyaye.

Fatar wurin

A nan aka fi yin ɓarna. Wurin da aka gasa yakan yi duhu, ya bushe, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya saɓule ya riƙa tsatsafar ruwa, musamman ƙarƙashin mama da hammata da matsematsi. A wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙamshi, ban da soso, a dangwala tsumma mai laushi har ya bushe. Ban da man zafi, ban da turare, ban da man bilicin. Sakiya da tsaga da ƙahon wanzami kuwa, a wannan fata haɗari ne babba, domin rauninta ba ya saurin haɗewa. Duk garin maganin da wata gwaggo ta kawo a ƙulle a leda, a gode mata a ajiye.

Fatar za ta daɗe ba ta jure rana. Manomi ya rufe wurin da riga sakakkiya ta auduga, ya bar noman tsakar rana. Lokacin hunturu a yawaita shafa man da asibiti ta amince da shi.

Ya danganta da inda aka gasa

Wanda aka gasa wa wuya ko baki, yawu kan ƙafe masa, ɗanɗano ya gushe, haɗiya ta zama aiki. Kunun gyaɗa, koko, fura da nono mai tsabta, alale, dafaffen ƙwai da tuwo mai laushi da miyar kuɓewa sun fi sauƙin wucewa. A rage yaji, a bar taba da goro. Kuma kada ya yarda a cire masa haƙori sai ya gaya wa likitan haƙorin cewa an taɓa yi masa gashi, ko da shekaru sun wuce, don ƙashin muƙamuƙin na iya ƙin warkewa.

Matar da aka gasa wa mara saboda sankarar bakin mahaifa tana iya samun zawo, zafin fitsari, ɗaukewar al'ada, da bushewa ko tsukewar gaba. Kunya ke hana da yawa faɗa, alhali akwai taimako a asibiti. Maganin matsi ba nata ba ne yanzu, maigida kuma ya yi haƙuri har likita ya ba da izini. Mai sankarar mama ta lura da hannunta na ɓangaren da aka gasa. Idan ya fara kumbura ko nauyi, ta faɗa da wuri.

Batun azumi, a tambayi likita kafin a ɗauka.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Zazzaɓi, zubar jini, wurin ya fara ruɓa ko wari, kasa haɗiyar ruwa, amai ko zawo da ya ƙi tsayawa, sarƙewar numfashi, ko sabon ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu. Kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A fara da Babban Asibitin Gwarzo, a tafi da takardun gashin.

Kumburin dajin kan ci gaba da raguwa har tsawon watanni bayan gashi, don haka likitoci sukan jinkirta hoton da zai nuna sakamako. Kuɗin mota na hana mutane da yawa komawa wannan dubawa, ga kuma jin cewa an samu sauƙi. Dangi, ku haɗa kuɗin komawar tun ranar sallama, ku ware mutum ɗaya da zai riƙe kati da lambar wayar asibitin.