Puukko da Mora: Zaɓe da Tara Wuƙaƙen Gargajiya na Arewacin Turai

Wuƙar da ba a naɗewa, wato wadda ruwanta da ƙotarta suke haɗe wuri guda kuma ake ajiye ta cikin kube, ita ce asalin wuƙa a wurin kusan kowace al'umma, kuma har yau ita ce mafarauci da makiyayi da masassaƙi suka fi amincewa da ita, domin ba ta da wata gaɓa da za ta saki ko ta cushe da datti ana tsakiyar aiki. Daga cikin wuƙaƙe irin wannan da suka fita daga ƙasashensu suka bazu a duniya, kaɗan ne suka samu karɓuwa kamar na arewacin Turai, musamman puukko ta ƙasar Finlan da mora ta Suwidin da kuma babbar wuƙar al'ummar Sami. Abin da ya sa suka cancanci nazari shi ne babu wani sashe na jikinsu da aka yi a banza, domin kowace siffa ta samo asali ne daga wani aiki na mutanen da ke rayuwa cikin dazuzzuka masu tsananin sanyi. Wanda ya fahimci haka ya samu ma'aunin da zai auna kowace wuƙa da shi, ko da ta maƙerin unguwarsu ce.

Ana kyautata zaton kalmar puukko ta fito ne daga puu, wato itace a harshen Finlan, kuma sassaƙa tana cikin manyan ayyukanta. Ruwanta gajere ne, galibi bai wuce faɗin tafin hannun mai ita da yawa ba, kimanin santimita 8 zuwa 12, bayanta a miƙe yake, bakinta ɗaya ne, kuma yana lanƙwasa a hankali har ya haɗu da bayan a tsini. Miƙewar bayan tana ba mai sassaƙa damar ɗora babban yatsan ɗaya hannun a kai ya tura wuƙar sannu a hankali, gajartar ruwan kuwa tana sa tsinin ya kasance kusa da hannu ta yadda mutum zai san inda yake ko bai duba ba. Da wannan wuƙa guda manomin Finlan yake fiƙe turke, ya sassaƙa cokali, ya gyara kifi, ya feɗe abin da ya farauto, sannan ya yanka burodinsa.

Babban abin da ya bambanta waɗannan wuƙaƙe da yawancin na kasuwa shi ne yadda aka fitar da bakinsu. A wuƙar girki ta kanti ana sirantar da ruwan ne tun daga sama, sannan a ƙara wani ɗan siririn gangare a can bakin, wanda ido da ƙyar yake ganinsa. A puukko da mora kuwa gangaren guda ɗaya ne mai faɗi, yana farawa daga wajen tsakiyar ruwan ko ƙasa da haka ya tafi sambal har kaifi, kuma kusurwar da ɓangarorin biyu suke haɗuwa a kai takan kasance tsakanin digiri 20 da 25. Wannan tsari yana da amfani biyu. Idan aka ɗora gangaren a kan itace, shi da kansa yake nuna wa wuƙar hanya kamar yadda bakin gizago yake yi, sai ta riƙa ɗebo itacen siriri yana naɗewa ba tare da ta nutse ko ta zame ba. Wajen wasawa kuma, mai wuƙar ba ya buƙatar ƙiyasta kusurwa da ido: zai kwantar da gangaren gaba ɗaya a kan dutsen da aka jiƙa, ya danna da yatsu biyu, ya riƙa turawa har sai ya ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen idan ya shafa da yatsa daga baya zuwa baki, sannan ya juya ya yi wa wancan gefen haka, a ƙarshe ya goge ƙaiƙayin a kan fata. Illar tsarin ita ce bakin siriri ne, saboda haka yana iya ɓantarewa ko lanƙwashewa idan ya ci karo da ƙashi ko tsakuwa, kuma gyaran ɓantarar yana cin lokaci tunda sai an ci ƙarfe daga faɗin gangaren duka.

Batun ƙarfe shi ne inda masu saye suka fi ruɗewa, alhali ginshiƙinsa ba shi da wuyar ganewa. Abin da ke ba ƙarfen wuƙa ikon yin tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, wanda a irin waɗannan wuƙaƙe yakan kai tsakanin kashi 0.6 da kashi 1 cikin ɗari. Maƙeri yana gasa ruwan wuƙar har ya yi jajir, zafinsa ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, sai ya tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take, abin da ke sa shi tauri ƙwarai amma ya zama mai saurin karyewa kamar kwalba. Daga nan sai ya sake ɗumama shi a zafi mai sauƙi, kimanin digiri 200, domin ya rage taurin kaɗan ya samu juriya. Ana auna sakamakon da ma'aunin Rockwell, kuma wuƙar aiki mai kyau takan faɗa tsakanin 57 da 60. Ƙarfe marar tsatsa shi ne wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kamar samfurin 12C27 na kamfanin Sandvik, mai kabon kashi 0.6 da kuromiyam kashi 13.5, wanda aka daɗe ana ƙera mora da shi. Akwai kuma ruwan wuƙa mai hawa uku, inda ake sa ƙarfe mai tauri a tsakiya a lulluɓe shi da mai taushi ta gefe biyu, kuma ana gane shi da wani ɗan layi da ke bin tsawon gangaren. Sunan ƙarfe shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, domin ƙarfe mai tsada da aka ɓata wajen gashi da tsomawa ba zai kai na tsohon sifirin mota da ya faɗa hannun gwanin maƙeri ba.

Ƙotar puukko ta gargajiya ana yin ta ne da itacen koivu, wata bishiya mai farin ɓawo da ta cika dazuzzukan yankin, musamman nau'inta mai murɗaɗɗen zane a ciki, ko kuma da ɓawon bishiyar da ake yankawa fale-fale a jera a matse. Itace da ɓawo ba sa ɗaukar sanyi kamar ƙarfe, kuma wannan ne dalilin da ya sa wutsiyar ruwan, wato siririn ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, take ɓoye gaba ɗaya a ciki, wani lokaci ta fito ta ƙarshe a daddale ta a kan tagulla. Masu son wuƙar da za a riƙa duka da sanda ana faskare da ita sukan raina wannan tsari, suna fifita wadda ƙarfenta ya cika faɗin ƙotar, sai dai puukko ba don faskare aka yi ta ba, domin mai ita yana da gatari. Haka nan ba ta da wani shinge tsakanin ƙota da kaifi, saboda yanka ake yi da ita ba suka ba, kuma duk wanda bai saba ba ya kamata ya lura da wannan sosai idan hannunsa na da jini ko maiƙo. Kubenta na fata mai zurfi ne, yana haɗiye ruwan da mafi yawan ƙotar, ana kuma sa ɗan itace a ciki don kada tsinin ya huda fatar.

Tarihin sana'ar yana da garuruwa da sunaye da mai tara wuƙaƙe ba zai iya kauce musu ba. A garin Kauhava da ke yammacin Finlan, Iisakki Järvenpää ya fara ƙira a 1879, kuma wuƙaƙen garin sun shahara da adon tagulla da ƙota mai kan doki a ƙarshenta. A yankin Kainuu da ke gabas aka samu samfurin Tommi, wanda maƙeri Kalle Keränen ya fito da shi bayan ya koyi dabarun taurara ƙarfe a masana'antar Fiskars a shekarun 1860 a hannun wani Baturen Ingila mai suna Thomas Woodward, wanda daga sunansa wuƙar ta samu nata. Janne Marttiini ya kafa masana'antarsa a Rovaniemi a 1928, sannan a farkon shekarun 1960 fitaccen mai zane Tapio Wirkkala ya tsara wa kamfanin Hackman wata puukko ta zamani mai baƙar ƙota, wadda masu tarawa ke nema har yau.

Mora ta bi wata hanya dabam, ta arha da yawa. A 1891 Frost-Erik Erson, bayan ya dawo daga aikin saran katako a Amurka, ya buɗe masana'anta a ƙauyen Östnor kusa da garin Mora a lardin Dalarna, sannan a 1912 Krång-Johan Eriksson da abokin haɗin gwiwarsa suka buɗe tasu a ƙauyen. Gidajen biyu sun haɗe a 2005, kuma tun 2016 kamfanin yake amsa sunan Morakniv. Tsohuwar mora mai jar ƙota da siririn ruwa, wanda kaurinsa bai fi milimita 2 zuwa 2.5 ba, wuƙar kafinta da magini ce, kuma malamin dabarun zaman daji na ƙasar Kanada, Mors Kochanski, yana cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa wannan wuƙa mai rahusa ta ishi mutum a jeji. Ita kuwa babbar wuƙar Sami, wadda Finawa ke kira leuku, ruwanta mai faɗi yakan kai santimita 20 ko fiye, kuma makiyayan barewar ƙanƙara suna amfani da ita wajen saran ƙananan itatuwa da fawa, tare da ƙaramar wuƙa ta aikin hannu a gefe.

Daga nan za a ga cewa zaɓe ya kamata ya fara ne da tambayar irin aikin da wuƙar za ta yi, da kuma inda za ta yi shi. Itatuwan arewacin Turai masu taushi ne idan aka kwatanta da ƙirya ko marke, saboda haka siririn bakin da ke ratsa itacen can kamar sabulu yana iya ɓantarewa a busasshen itacen sahel, kuma maganin wannan shi ne a ɗan ɗaga wuƙar kaɗan a shafawar ƙarshe a kan dutse domin bakin ya ƙara kauri. Mai aiki a bakin ruwa ko cikin damina zai fi samun sauƙi da ƙarfe marar tsatsa, shi kuwa mai son wasawa cikin sauƙi kuma ba ya ƙyashin goge wuƙarsa ya shafa mata mai bayan kowane aiki, ƙarfen kabon ya fi masa. Kafin a biya kuɗi, ya dace a riƙe ƙotar da ƙarfi a ji ko wani wuri yana cizon tafin hannu, a miƙa wuƙar a hango ta daga ƙota zuwa tsini a ga ko ruwan a miƙe yake, a duba mahaɗar ruwa da ƙota ko akwai ɗan gibi da jini da ruwa za su shiga su ruɓar da itacen, sannan a kifa kuben a girgiza a hankali a ga ko zai riƙe ta.

Tarawa kuwa wani ilimi ne na daban, kuma kuskuren da ya fi yi wa tsofaffin wuƙaƙe ɓarna shi ne son a mayar da su sababbi. Duhun da ke hawa ƙarfen kabon bayan shekaru ba tsatsa ba ne, wata kariya ce ma daga jar tsatsa mai cin ƙarfe, kuma wanda ya kai tsohuwar wuƙa ga injin gurza zai iya shafe tambarin maƙerin ko sa hannun da aka zana a ruwanta, alhali da su ake gane gidan da ta fito da zamanin da aka yi ta. Wuƙa da kubenta na asali abu guda ne, raba su yana rage darajar duka biyun, amma a ajiya mai tsawo gara a zare ta a ajiye a gefensa, domin fata tana riƙe danshi, tana kuma sa tagulla ta yi kore. Bushewar hunturu tana tsotse ƙotar itace har ta tsage, don haka ɗan mai a kai a kai yana da amfani. Ga wuƙar Sami, tambarin Sámi Duodji da aka fito da shi a 1982 yana taimakawa wajen rarrabe aikin hannun Sami da kwaikwayon da ake sayar wa masu yawon buɗe ido. Akwai kuma batun doka, domin ko a Finlan, inda puukko take cikin kayan al'ada, an hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da dalilin aiki ba tun 1977, kuma wajibi ne mai saye ya san hukuncin ƙasarsa game da shigo da wuƙa da ɗaukar ta.

Darajar da puukko ta samu a idon duniya ta dogara ƙwarai a kan cewa an adana sunayen maƙeranta da garuruwansu da shekarunsu. A ƙasar Hausa maƙeran baƙi suna ƙera wuƙar mahauta da askar wanzamai da wuƙar damtse, dukawa suna ɗinka musu kube da fatar da aka jeme da bagaruwa, amma mafi yawan wannan aiki yana fita kasuwa babu tambari, kuma da zarar wuƙa ta sauya hannu sau biyu sai asalinta ya ɓace. Mai tarawa da ya sayi irin wannan wuƙa a kasuwar Kurmi ta Kano ko a Agadas zai iya cike giɓin da ƙaramin littafi, inda zai rubuta sunan maƙerin da garinsu, da irin ƙarfen da ya yi amfani da shi, da wanda ya ɗinka kuben, da sunan da ake kiran samfurin a wurin, da kuma ranar da aka saya.